Ina Son In Komo Wurin Ubangiji, Amma Ba Na Jin Komai

Tambaya

Mama, salama a gare ki cikin sunan Yesu.

Ba a gidan masu zuwa sujada na tashi ba. Ina budurwa wata ƙawata ta ja ni wani taron wa'azi, a daren nan na ba da raina ga Yesu. Na yi kuka sosai, na koma gida jikina sakayau kamar an sauke mini kaya. Aka yi mini baftisma, na shiga ƙungiyar mawaƙa, ba na fashin addu'a. Sai ƙanena ya kwanta ciwo. Mun yi azumi, mun yi addu'a, na tabbata a raina zai tashi. Ya rasu. Cikin masu zuwa gaisuwa wani dattijon ikkilisiyarmu ya ce mini da bangaskiyarmu ta cika da yaron bai tafi ba. A daren nan na faɗa wa Allah maganganun da ba zan iya rubutawa ba. Daga nan na daina zuwa sujada, shekara kusan takwas ke nan, har ba'a na riƙa yi wa masu bi. A cikin shekarun nan na yi aure. Mijina Kirista ne, amma bai damu da sujada ba.

Watannin nan waƙoƙin da na sani suna ta dawo mini, ina son in komo. Amma in na durƙusa ba na jin komai, abin da na ji a daren farko babu ko alamarsa. Na karanta Ibraniyawa 6:4-6, inda aka ce ba ya yiwuwa a sake jawo waɗanda suka juya baya ga tuba, tsoro ya kama ni. Ko na yi saɓon da ba a gafartawa? Ko sai an sake yi mini baftisma? Ta yaya zan koma in haɗa ido da mutumin nan? Mijina dariya yake yi, yana cewa wannan ma zai wuce.

Wata 'yarki

Amsa

'Yata,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Kafin in taɓa ko ɗaya daga cikin tambayoyinki, bari in yi miki gaisuwar ƙanenki. Na san shekaru sun wuce, amma yadda kika ba da labarin ya nuna mini ba ki sami ta'aziyyar da ta kamata ba a lokacin da kike bukatarta. Allah ya ta'azantar da ke, ya sanyaya miki zuciya.

Maganar da dattijon nan ya faɗa miki ba daidai ba ce. Kada ki ɗauka gaskiya ce da aka faɗa a lokacin da bai dace ba. Maganar kanta ba ta da tushe. Manzo Bulus, wanda ake ɗaukar ƙyallayen da suka taɓa jikinsa a kai wa marasa lafiya su warke, shi da kansa ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba (2 Korintiyawa 12:8-9). Shi ne kuma ya rubuta wa Timoti cewa ya baro abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Wa zai buɗe baki ya ce Bulus bangaskiya ce ta gaza masa? Ubangijinmu a Getsamani ya faɗi rubda ciki ya roƙa, in mai yiwuwa ne, a ɗauke masa ƙoƙon. Washegari aka gicciye shi. Abokan Ayuba kuwa sun zauna tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma shirun nan shi ne mafi kyawun abin da suka yi masa. Da suka fara yi masa bayanin dalilin masifarsa sai suka ɓata komai. A ƙarshen littafin Allah ya ce wa Elifaz ya husata da shi da abokansa biyu, domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi (Ayuba 42:7). Ki lura, Ayuban da Allah ya goyi bayansa shi ne wanda ya la'anci ranar haihuwarsa, ya kuma ce Allah ya mai da shi abin harbi.

Na daɗe a kan wannan ne domin ina zaton a ƙarƙashin tsoron da kike yi wa Ibraniyawa 6 akwai wani tsoro da ya girme shi, wanda ba ki rubuta ba: ko raunin bangaskiyarki ne ya kashe yaron. Ba ke kika kashe shi ba, 'yata. Ciwo ne ya ɗauke shi. Kin ƙaunace shi, kin yi masa azumi, kin tsaya a kansa har ƙarshe. Ban san dalilin da ya sa Allah bai tashe shi ba, dattijon nan ma bai sani ba, bambancinmu kawai shi ya yi kamar ya sani.

Ina so ki buɗe Yohanna 11 ki karanta a hankali, domin labarinki ne kusan kalma da kalma. Mata biyu, ɗan'uwansu ya kwanta ciwo, suka aika wa Yesu, suna da tabbacin zai zo. Bai zo ba sai da Li'azaru ya kwana huɗu a kabari. Da labari ya iso cewa yana tafe, Marta ta fita ta tarye shi, Maryamu kuwa ta yi zamanta a gida. Maryamun nan da ta saba zama a gabansa tana sauraron koyarwarsa, ita ce ta ƙi fita. Ni dai duk lokacin da na karanta ayar nan ina jin ɓacin ran da ke cikin zaman nan nata. Dukansu biyu, da suka gan shi, magana ɗaya suka faɗa masa: Ubangiji, da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba. Ƙorafi ne ƙarara, a gaban jama'a. Bai tsawata wa ko ɗaya ba. Wadda ta zauna a gida ma aika mata ya yi, Marta ta je ta raɗa mata cewa Malam ya iso, yana kiranta. Da ya ga tana kuka, shi ma ya yi hawaye. Na san za ki ce su an tayar musu da nasu, ke ba a tayar miki da naki ba. Gaskiya ne, kuma ba zan rufe miki wannan da daɗin baki ba. Begenmu game da ƙanenki yana ga ranar tashin matattu, jiran kuwa da ciwo. Abin da nake nuna miki shi ne yadda Yesu ya karɓi matar da ta yi fushi da shi a kan gawar ɗan'uwanta.

Yanzu ga saɓon da ba a gafartawa. Ki duba inda aka faɗi maganar, a Markus 3. Malaman Attaura ne suka zo daga Urushalima, suka ga Yesu yana 'yantar da mutane daga aljanu da idonsu, suka ce da ikon sarkin aljanu yake yi. Ba baƙin ciki ne ya sa su faɗa ba, ba wanda ya mutu musu. Idonsu a bushe, hankalinsu a kwance, suka dubi aikin Ruhu Mai Tsarki suka kira shi aikin Shaiɗan, kuma ba su da niyyar janyewa. Mutane sukan haddace aya ta 29 su manta da ta 28 da ke gabanta, inda ya ce za a gafarta wa 'yan adam dukan zunubansu da duk saɓon da suka furta. Mace mai makokin ƙanenta da ta yi wa Allah ihu cikin dare ba ta cikin sahun malaman nan. Tana cikin sahun wanda ya rubuta Zabura 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba ko aya ɗaya ta yabo a ƙarshenta, aka kuma bar ta cikin Littafi Mai Tsarki don mu yi addu'a da ita.

Ba'ar da kika yi wa masu bi kuwa zunubi ne, ba zan ce miki ba komai ba ne. Ki kira shi da sunansa a gaban Allah, in kuma akwai wanda kika san maganarki ta sosa masa rai ko ta raunana shi, ki neme shi ki ba shi haƙuri. Amma zunubi ne irin wanda 1 Yohanna 1:9 ta yi maganarsa, wanda in mun furta shi mai aminci ne ya gafarta. Bitrus ya yi shekaru yana bin Yesu, ya ga ɗaukakarsa a kan dutse, ya ci Jibin ƙarshe daga hannunsa. A daren nan ya tsaya yana jin ɗumin wuta a farfajiyar babban firist, wata baranya ta ƙura masa ido ta ce shi ma yana tare da Banazaren, ya musa. Kafin zakara ya yi cara har rantsuwa ya yi yana la'antar kansa, wai bai san mutumin ba. Wannan ya fi ba'a nauyi. Duk da haka ranar tashin Yesu, saƙon da aka ba matan a kabari shi ne su je su faɗa wa almajiransa da Bitrus (Markus 16:7). An ambaci sunansa shi kaɗai, don an san shi ne zai ɗauka kiran bai haɗa da shi ba.

Ibraniyawa 6 aya ce mai nauyi, kuma malaman Littafi sun daɗe suna da bambancin fahimta a kanta. Wasu suna ganin tana maganar waɗanda suka ɗanɗana abubuwan Allah cikin ikkilisiya ba tare da sun taɓa zama nasa da gaske ba. Wasu suna ganin gargaɗi ne na gaske cewa mai bi zai iya juya baya har abada. Ba zan yanke miki wannan muhawara a nan ba, kuma ba kya bukatar a yanke ta kafin ki sami amsarki. Ki sake duba abin da ayar ta ce ba ya yiwuwa: a sake jawo irin mutanen nan ga tuba. Wato alamarsu ita ce ba sa son tuba, ba sa nemanta, ba ta dame su. Ke kuwa tuba ce ta hana ki barci har kika rubuto mini. An ce wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Ke ga shi kin ji. Marubucin kansa, bayan ya gama gargaɗin, a aya ta 9 ya ce wa masu karatunsa ya tabbata al'amarinsu ya fi haka kyau. Kuma wasiƙar nan ce dai ta ce mu matso kusa da kursiyin alheri gaba gaɗi, domin babban firist ɗinmu ya san rauninmu (4:15-16).

Ba ke ce farkon wadda ta yi wannan tambaya ba, ikkilisiya gaba ɗaya ta taɓa yin ta. A shekara ta 250 sarkin Roma Disiyus ya ba da doka cewa kowa a daularsa ya miƙa hadaya ga alloli a gaban jami'ai, a ba shi takardar shaida. An tono irin takardun nan a Masar, suna nan har yau: sunan mutum, furucinsa cewa ya yi hadaya ya kuma ɗanɗani namanta, sa'an nan sa hannun jami'an da suka gan shi. Kiristoci masu yawa suka yi hadayar, wasu kuma suka sayi takardar da kuɗi. Da tsanantawar ta lafa sai ga su a ƙofar ikkilisiya suna roƙon a karɓe su. Wani dattijo a Roma mai suna Nobashiyan ya ce sam, wanda ya musunci Almasihu ikkilisiya ba ta da ikon mai da shi. Sifiriyan, bishof na Kartej a ƙasar Tunisiya ta yau, da Korneliyus na Roma suka tsaya a kan cewa ƙofar tuba a buɗe take. Majalisar shugabannin ikkilisiya da aka yi a Kartej a 251 ta tsara yadda za a karɓe su, kowa gwargwadon abin da ya yi, kuma a shekarar da ta biyo, da aka ga wata tsanantawa na tafe, aka buɗe wa dukan masu tuba. Babbar majalisar Nisiya a 325 ta bi wannan hanya. Mutanen nan fa sun tsaya a gaban gunki ne da rana tsaka, wasunsu 'yan'uwansu sun mutu a kurkuku saboda sun ƙi yin abin da su suka yi. Ikkilisiyar da ta san Ibraniyawa 6 sarai ta karɓe su.

To, mu zo ga abin da nake gani shi ne ainihin damuwarki, wato shirun da kike ji in kin durƙusa.

Kin sa daren farko ya zama ma'auni. Kina jira ki sake jin irin kukan nan da sakayau ɗin nan, sa'an nan ki yarda an karɓe ki. Ina roƙonki ki ajiye wannan ma'auni. Daren nan kyauta ce mai kyau, ki gode wa Allah dominsa, kada ki yarda wani ya ce miki zumuɗin ƙuruciya ne kawai. Amma ba hawayenki ne suka cece ki a daren ba, Almasihu ne, kuma shi bai canza ba. Yarinyar da ta yi kukan nan ba ta taɓa binne kowa ba. Ba ta san akwai addu'ar da za a yi da dukan zuciya a kuma ji shiru ba. Ke kin sani. Ba zai yiwu ki koma ki zama ita ba, Allah kuma bai nemi haka daga gare ki ba. Matar da yake kira yanzu ita ce wannan da ta san kabari, ta san fushi, ta san shakka.

Kin taɓa daɗewa a zaune a kan ƙafarki har ta sage, ki taɓa ta ki ji kamar ba taki ba? Ba a jira ta dawo daidai kafin a miƙe. Miƙewa ake yi a taka ta a hankali, ko da ba a jin ƙasa, jinin ya riƙa komawa. Kuma abin da ake fara ji ba daɗi ba ne, tsikari ne da zafi. Shekara takwas kina danne zuciyarki don kada ta ji zafin Allah da na ƙanenki. Ba za ta buɗe a mako guda ba, in ta fara buɗewa kuma kada ki yi mamaki in abin da ya fara fitowa kukan ƙanenki ne, ko ma sauran fushi. Kada ki ɗauke shi alamar komawa baya.

Ki tuna ƙaramin ɗan nan na Luka 15. Ba a ce ƙaunar mahaifinsa ce ta cika masa zuciya ya taso ba. Yunwa ce. Ya zauna ya yi lissafi cewa barorin gidansu suna ci suna ragewa, ya shirya 'yar maganar da zai faɗa, yana neman a ɗauke shi ɗan ƙodago kawai. Dalilinsa bai da wani kyau, begensa kuma ƙanƙane ne. Abin da ya yi daidai ɗaya ne, ya tashi ya kama hanya. Tun yana nesa uban ya hango shi ya sheƙo da gudu, bai ma bar shi ya ƙarasa maganar da ya shirya ba. Ba a tambaye shi me yake ji ba.

Mun saba jin shaidar tuba iri ɗaya a gaban jama'a: dā ina cikin duhu, rana kaza na ga haske, tun daga nan komai ya gyaru. Ba na ƙaryata masu ba da ita, amma yawan jin ta ya sa mutane irinki suna zaton su kaɗai ne tafiyarsu ta karkace. Ki duba John Newton na Ingila. Mahaifiyarsa ta koya masa Littafi yana ƙarami, ta rasu kafin ya cika shekara bakwai, ya girma a jiragen ruwa ya watsar da komai, ya zama gwanin saɓo da yi wa masu bi ba'a. A watan Maris na 1748 guguwa ta kusa nutsar da jirginsu, ya roƙi jinƙan Allah, kuma duk rayuwarsa yana tunawa da ranar. Amma bayan ranar nan ya ci gaba da jigilar bayi daga Afirka har 1754, ya ma kai ga zama kyaftin ɗin jirgi. Shi da kansa ya ce sai bayan wani lokaci mai tsawo ya zama mai bi na sosai. Sai 1764 aka naɗa shi hidimar ikkilisiya, sai 1788 ya fito fili ya rubuta yana la'antar cinikin da ya yi da hannunsa. Ban kawo shi don in wanke shi ba. Jinkirinsa rayukan mutane ya ci, shi ma ya san haka ya kuma yi nadama. Na kawo shi ne ki ga cewa ko a wurin wanda yake da rana guda da zai nuna, aikin Allah bai ƙare a ranar ba.

Abin da nake ba ki shawara ki yi ƙarami ne, kada ki rena shi. Ki zaɓi lokaci kaɗan kowace rana, wanda kin san za ki iya riƙewa ko a ranar da kika gaji. In ba ki da kalmomi, ki ari na wasu. Addu'ar Ubangiji tana nan. Zabura 13 tana nan, mai tambayar har yaushe. Zabura 42 kamar don ke aka rubuta ta, mutum ne yake tuna yadda dā yake jan taro zuwa Haikali da sowa da waƙar godiya, yanzu kuwa hawaye ne abincinsa. Akwai kuma addu'ar mahaifin yaron nan a Markus 9:24, wanda ya ce ya ba da gaskiya, a taimake shi a kan rashin bangaskiyarsa. Yesu bai ce masa ya je ya cika ta ya dawo ba. Ya warkar masa da ɗa. Wannan ma amsa ce ga dattijonku. Waƙoƙin da suke dawo miki kuwa ki rera su, ko kina aiki, ko ba kya jin komai. In kin gama ki tashi, kada ki tsaya auna ko ta shiga.

Abu ɗaya zan ƙara a nan. In shirun nan bai tsaya ga addu'a ba, in abinci da barci da hira da mutane duk sun fita ranki, ki ga likita. Baƙin cikin da aka danne shekaru yakan zama ciwo, kuma neman magani ba rashin bangaskiya ba ne. Da Iliya ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa, abin da aka fara ba shi abinci ne da ruwa da barci, magana sai daga baya.

Baftisma ba sai an sake ba. Ubangiji ɗaya, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya, in ji Afisawa 4:5, kuma tun shekara ta 381 ikkilisiya take furta baftisma ɗaya domin gafarar zunubai cikin shaidar bangaskiyarta. An yi miki ne a kan furucin bakinki, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ke ce kika yi nisa da alkawarin, alkawarin bai ruɓe ba. Siman na Samariya ya yi babban kuskure bayan an yi masa baftisma, abin da Bitrus ya ce masa shi ne ya tuba ya roƙi Ubangiji. Ikkilisiyoyi suna da hanyoyinsu na karɓar mai komowa: a wasu za ki je ki furta zunubi gaban firist, a wasu ki zauna da fasto ko dattawa, a wasu ki sabunta alkawarinki gaban jama'a. Ki tambayi inda kika zauna, ki kuma yi wannan zaman kafin ki koma cin Jibin Ubangiji, don ki ci da kwanciyar rai.

Ba dole ne ki koma ikkilisiyar da kika bari ba, amma dole ki koma cikin masu bi. Bangaskiyar da ake jinyarta a ɗaki ita kaɗai ba ta cika yin ƙwari ba. Na sha ganin masu komowa, kuma kusan duk iri ɗaya suke yi. Sai an fara waƙa suke shigowa, su zauna a kujerar baya kusa da ƙofa, jaka a cinya ba su ajiye ba. Bakinsu ya san baitin amma muryar ba ta fita. Kafin a sa albarka sun sulale, don kada wani ya tare su da tambaya. In haka za ki fara, ki fara haka, ba laifi. Ki yi makonni a kujerar baya. Ki saurari yadda ake maganar wahala a wurin: in kin ji ana koya cewa duk mai cikakkiyar bangaskiya ba ya ciwo ba ya rashi, ki nemi wani wuri, don can za a sake fama miki gyambon. Ki nemi mace ɗaya mai shekaru, mai riƙe sirri, wadda ta taɓa rashi, ki ba ta labarinki duka. Kada kuma ki yarda a yi saurin tsayar da ke gaban jama'a ki ba da shaida, ko a mai da ke cikin mawaƙa a makon farko. Mutane suna son labarin da ya ƙare da daɗi, za su so su ji naki tun bai nuna ba. Lokacin hidima zai zo. Yohanna Markus ya gudu ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar tafiya, har manzannin biyu suka rabu a kansa, amma a wasiƙarsa ta ƙarshe Bulus ya ce a zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Tsakanin gudun da wannan magana shekaru ne masu yawa.

Dattijon nan kuwa, za ki gafarta masa, amma ba yau nake cewa ki gama ba, kuma gafarar ba ta nufin kin yarda da abin da ya faɗa. Tana nufin kin daina jiran ya biya ki. Mai yiwuwa ma ya manta ya taɓa faɗa, abin da ya fi ciwo ke nan. In wata rana kin ji kina da ƙarfi, ki same shi, ke da wani da kika amince da shi, ki gaya masa abin da maganarsa ta yi miki. Wataƙila ki kare wata mai makoki daga jin irinta. In ba ki da ƙarfin, ki bar shi tukuna. Kada ki jingina komowarki ga Ubangiji a kan ranar da za ki iya haɗa ido da shi.

Maigidanki bai san ki a matsayin mai sujada ba, a shekarun nisanki ya aure ki. Dariyar da yake yi mai yiwuwa akwai ɗan tsoro a ƙarƙashinta, ko matar da ya sani za ta canza ta fara ganin laifinsa. Kada ki yi gardama da shi a kan ko zai wuce ko ba zai wuce ba, wannan lokaci ne zai nuna. Ki sami lokacin da kuke zaune lafiya ki ba shi labarin ƙanenki da na daren nan, in ba ki taɓa ba shi duka ba. Ki gaya masa ba kina neman ya bi ki ba ne, kina neman kada ya yi miki dariya a kan wannan abu ɗaya. Ranar Lahadi ki shirya, ki faɗa masa inda za ki da lokacin da za ki dawo, ki tafi. In ya tambaye ki yadda aka yi, ki faɗa masa gaskiya, ko da amsar ita ce kin zauna a baya ba ki ji komai ba kuma za ki koma mako mai zuwa.

Ina yi miki addu'a. Ki sake rubuto mini bayan kin sami wadda za ki yi magana da ita.

Mamanki cikin Ubangiji